Magana Jari Ce: kwashe-kwashe ne ko adabin duniya?

'Yar Rafindadi: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ƙara na kawo, don tun da na dawo daga makaranta raina bai yi sanyi ba. A ajinmu na digiri na biyu an ba mu jerin littattafai, aka ce su ne adabin duniya, kowa ya zaɓi ɗaya ya yi nazari. Na bi jerin daga sama har ƙasa: Girka, Ingila, Faransa, Rasha, sai Achebe da Soyinka can gindi, kamar baƙin da aka tuna da su bayan an kwashe tuwo. Na ce ni Magana Jari Ce zan yi. Wani malaminmu ya yi murmushi ya ce in bar wannan, wai kwashe-kwashe ne, Abubakar Imam ya tsinto labaran mutane ya sa musu hula da babbar riga. Kuma ko ba haka ba, wai duniya ba ta san shi ba. Aji ya yi dariya. Iyayena da yayyena, wa ke rubuta wannan jerin? Kuma wace duniyar ce ba ta san shi ba?

Mai Alli: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, kada fushi ya hana ki jin rabin gaskiyar da ke bakin malamin. Imam ya ɗauko labarai, wannan ba ɓoyayye ba ne. Akwai na Dare Dubu da Ɗaya, akwai tatsuniyoyin Jamus na 'yan'uwan nan Girim, shi kansa akun da ke ba da labari don ya hana mutum fita, tsohon salo ne na Indiya da Farisa. Ruwan Bagaja ma ya sha a kogin Maƙamatul Hariri. Ni da nake koyar da shi a sakandare ba na ɓoye wa yara.

Baban Yarinci: Mai Alli, ɗana, ka faɗi gaskiya amma ba ka kai ƙarshenta ba. Malam Abubakar nan Katsina ya yi kwaleji, nan ya koyar a Midil. Daga nan ya aika da Ruwan Bagaja gasar 1933, ita ce gasar da wansa Malam Bello Kagara ya shiga da Ganɗoki, Abubakar Tafawa Ɓalewa da Shaihu Umar. A 1936 Rupert East, Baturen da ke shugabantar hukumar talifi, ya nemi a ba shi aron shi zuwa Zariya, ya tara mashi littattafai na gabas da yamma, ya ce a yi wa yaran makaranta abin karatu. To mi kake so ya yi, ya ƙi buɗe su?

Ni fitilar ƙwai na karanta shi da ita, a soron kakanmu, bangon littafin ya cire an ɗinke shi da zaren lilo. In na karanta, tsofaffin gidan da ba su san baƙin boko ba sai su matso da tabarma. Wallahi ba wanda ya taɓa cewa wannan labarin na Jamus ne. Waziri ɗan hassada sun san irinsa, alƙali mai cin hanci sun san ƙofar gidansa, ɓarawon ma sai wata gwaggona ta rantse ɗan unguwar su ne. Wanda ya iya wannan ba tsintau ba ne. Madugu ne da ya sayo fari a Tarabulus, ya kawo Marina aka rine shi aka buga, har mai shi na farko bai gane kayansa ba.

Ɗan Gambarawa: Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Bari in kawo abin da na ɗan karanta a kan wannan, don tambayar 'yar'uwarmu tsohuwa ce, masana sun daɗe suna kokawa da ita.

Wanda ya fito da sunan adabin duniya fili wani mawaƙin Jamus ne, Gote, a 1827. Abin sha'awa, littafin labari na ƙasar Sin yake karantawa a lokacin, ya ce wa sakatarensa zamanin adabin ƙasa ɗaya ya wuce. Niyyar ba laifi. Amma shekara takwas bayan nan, a 1835, wani jami'in Ingila, Makoli, ya rubuta wa gwamnatin Ingila a Indiya cewa kanta ɗaya ta ɗakin karatu mai kyau a Turai ta fi duk abin da Indiya da Larabawa suka rubuta. Kuma a cikin takardar ya amsa da bakinsa cewa bai iya Larabci ba, bai iya Sanskirit ba. A kan wannan shawara aka karkata kuɗin ilimi zuwa Turanci. Kun ga ke nan, ana faɗin duniya da baki, ana yanka ta da wuƙa. Markis da Engels ma a 1848 sun ce kasuwar duniya ce za ta haifi adabin duniya, wato inda jirgin haja ya bi, nan littafi zai bi.

Yanzu ga inda nake so malamin nan naki ya amsa. Dare Dubu da Ɗaya ya shiga Turai ta hannun wani Bafaranshe, Antuwan Galan, daga 1704. Labarin Aladin da na Ali Baba, waɗanda yau yaron Amurka ya fi saninsu, ba su cikin rubutun Larabcin da ya fassara. Wani matashi ɗan Halab ta Sham, Hanna Diyab, shi ya ba shi su da baki a Paris a 1709. Galan ya gyara, ya ƙara gishiri, ya buga, sunan Diyab bai fito a bango ba. Wannan an sa shi a kanta ana kiransa adabin duniya. Shakespeare kusan duk wasanninsa daga tsofaffin labarai da littattafan tarihi ya ɗauko gindinsu, an ce hikima. Imam ya yi irin wannan aikin, an ce kwashe-kwashe. Aikin iri ɗaya ne, mai riƙe da alƙalamin hukunci ne ya bambanta.

'Yar Rafindadi: Yaya Ɗan Gambarawa, da kana ajin nan da ban fito da hawaye ba. Wannan na Diyab ban taɓa ji ba.

Ɗan Gambarawa: Nemi rubutun Edward Sa'id, na 1978 da na 1993, duk a kan yadda labari ke yi wa mulki share fage ne. Sannan akwai wata Bafaranshiya, Paskal Kasanoba, da ta yi littafi a 1999 ta ce adabi yana da babban birni kamar yadda ƙasa ke da shi, kuma na dogon lokaci Paris ce. Sai ta sa maka hannu kake zama marubucin duniya. Kamar dai ɗan tireda ne a ƙauye, duk kyan gyaɗarsa, farashi a Dawanau ake yanke shi.

Almajirin Masanawa: Malamai, ku yi mini afuwa, ni ban yi boko mai nisa ba. Amma ina jin kuna ta faɗin duniya, duniya, kamar guda ɗaya ce. Mu a zaure muna da tamu, kuma ta girmi ta Gote.

Gafakar Malam ɗinmu in ka buɗe, Ishiriniya za ka fara gani, ta Alfazazi mutumin Andalus. Ƙarƙashinta Burda ta Busiri, Bamisire. Sai Maƙama, ta Hariri mutumin Basara, takarda rawaya, gefenta cike da ƙananan rubutun ajami da kakan Malam ya yi, inda kalma ta yi tsauri ya sa Hausarta a kai da jar tawada. Sai Shu'ara, Imru'ul Ƙaisi yana kuka a kufai. Andalus, Masar, Iraƙi, Najadu, duk cikin jakar fata ɗaya da ke rataye a ƙusa. In wannan ba adabin duniya ba ne, to mene ne?

Kuma ba karɓa kawai aka yi ba. Wali Ɗan Masani da Wali Ɗan Marina nan suka zauna suka yi wallafa da Larabci tun ƙarni na 17. Imam Suyuɗi daga Alƙahira ya aiko wa Sarkin Katsina Ibrahim wasiƙa. Shehu Muhammadu Alkashinawi, gwanin lissafi da hatimi, a Alƙahira ya rasu a 1741, a gidan Shehu Hasan Jabarti, ɗan mai gidan kuma, Abdurrahman masanin tarihi, ya sa shi cikin littafinsa. Bakatsine ne, Misirawa suka zauna gabansa da allo. Hanyar nan ba ta bi ta Paris ba.

Mai Alli: Malam, Allah ya ƙara sani, amma bari in tsokane ka. Wannan duniyar taku ita ma tana da sarki ai. Larabci ne a sama, Hausa a gefen shafi da ƙaramin rubutu, da bakinka ka faɗa. Malami nawa ne a da ke ɗaukar tatsuniya ko waƙar makaɗi a bakin ilimi? Gatanan gatananku ta mata da yara ce, an ce. Kafin Bature ya raina mu, mun raina kanmu da wani ma'aunin.

Almajirin Masanawa: Akwai wannan, ba na musu. Sai dai ka tuna Nana Asma'u ta yi waƙa da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta ba jajis, wato matan da ke zagawa suna koyar da mata, suka kai ƙauyuka. Wanda ya raina harshe ba ya zuba ilimi a cikinsa. Abin da ya yanke mana hanya shi ne ranar da aka ce ofis da makaranta boko za a yi, mai ajami ya wayi gari an rubuta shi cikin jahilai a takardar ƙidaya.

Injiniya na Ƙofar Ƙaura: Ni fa na gaji da wannan waƙar. Kullum Bature ya yi mana, Bature ya hana mu. Shekara sittin da ɗoriya da tafiyarsa. Koriya ta Kudu Japan ta mulke ta shekara 35, har harshensu aka so kashewa a makarantu. Suka kafa hukuma ta gwamnati wadda ba ta da aiki sai biyan masu fassara su kai littattafansu harsunan waje. Han Kang ta ci kyautar Booker ta fassara a 2016, ta ci Nobel a 2024, da Koriyanci take rubutu. Mu wace jiha ce ta ware ko kuɗin mota ɗaya ta kwamishina don fassara? Duniya ba ta san Imam ba saboda ba mu kai shi ba. Mai talla da ya zauna a ɗaki ba ya zargin kasuwa.

Ɗan Gambarawa: Injiniya, ai maganarka ta ƙara wa tawa ƙarfi ne. Koriya ta shiga saboda ta yi kuɗi, ta sayi hanya. Iko ke nan. Kuma duba ƙofar da ta bi: sai da aka mai da littafin Han Kang Turanci a Landan tukuna. Tagor ma da ya ci Nobel a 1913, waƙoƙinsa na Bangali shi ya mai da su Turanci da kansa. Najib Mahfuz ya ci a 1988 da Larabci, wannan kam abin alfahari ne, amma alƙalan Suwidin ta fassara suka san shi. Soyinka 1986, Gurna ɗan Zanzibar 2021, duk da Turanci. Har yau ba wanda ya ci da Hausa ko Yarabanci ko Suwahili.

In kana son ganin hannun siyasa ƙuru-ƙuru, dubi taron Makerere na 1962 a Yuganda, wanda ake cewa shi ya aza harsashin adabin Afirka na zamani. Sunansa taron marubutan Afirka masu rubutu da Turanci. Saboda haka Shaaban Robert na Suwahili da Fagunwa na Yarabanci ba su da kujera, balle Imam, alhali duk suna raye. Ƙungiyar da ta biya kuɗin taron kuma, bayan 'yan shekaru aka bankaɗo cewa kuɗin hukumar leƙen asirin Amurka ne ke tafiyar da ita. Ba na cewa marubutan sun sani. Ngugi wa Thiong'o, marubucin Kenya, yana wurin yana ɗalibi. Shi ne daga baya aka ɗaure shi a 1977 saboda wasan kwaikwayo da ya yi da manoma cikin harshen Gikuyu, ya rubuta labari a kan takardar bayan gida a kurkuku. Lokacin da yake sukar gwamnati da Turanci an bar shi yana yawo. Ranar da talaka ya fahimci abin da yake faɗi aka zo da mota.

Injiniya na Ƙofar Ƙaura: Na ji. Amma Ngugi ba Bature ya ɗaure shi ba, ɗan'uwansa baƙi ne. Kuma a 2007 da aka tara littattafan soyayya aka ƙona a Kano, ba daga Landan aka aiko ashana ba.

Mai Tebur na Tsohuwar Kasuwa: Ku bar ni in sa baki, ni da nake cin abinci da takarda. Shekara ashirin ina shimfiɗa littattafai. A da, ranar Juma'a kafin la'asar, littattafan matan Kano sun ƙare, yara ake aikowa daga cikin gida da kuɗi a ƙulle a bakin zane da sunan littafi a 'yar takarda. Dillalai daga Maraɗi da Damagaram suna ɗauka da buhu. Na taɓa ɗaure wa wani alhaji kwali biyu zai kai wa Hausawan Sudan. Masu digiri suka sa musu suna adabin kasuwa, suna toshe hanci. Yanzu duk sun koma waya, ana biya a shiga rukuni a karanta, tebur ɗina sai littattafan addini da na jarrabawa. Tambayata, littafin da aka karanta a Nijar da Gana da Kamaru da Sudan da Makka, bai zaga duniya ba? Ko sai fari ya karanta?

'Yar Rafindadi: Baba Mai Tebur, ka taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Wani masanin Amurka, Damrosh, ya ce adabin duniya shi ne duk rubutun da ya fita daga gidan da aka haife shi ya yi rayuwa a wani wuri. Amma Bahaushen Kumasi da ya karanta, za su ce ai bai fita gida ba tunda harshen ɗaya ne. Kuma abin dariya, littafin Hajiya Balaraba Ramat, Alhaki Kuykuyo Ne, da aka fassara shi Turanci a 2012, ba Legas ba ce ta buga, ba Landan ba, wani ƙaramin kamfani ne a Indiya.

Gwaggo ta Kusugu: Sannunku 'ya'yana, tun ɗazu nake bi ina shiru. Mu nan Daura muna da namu ciwon. Labarin Bayajida namu ne, rijiyar tana nan, takobin yana fada. Amma da Turawa irin su Palmer suka zo rubutawa, abin da ya fi musu daɗi shi ne baƙo daga Bagadaza, don ya dace da abin da suka riga suka ƙudurta, cewa baƙar fata ba ya kafa sarauta sai an zo masa da ita daga waje. Jerin sarauniyoyin da suka yi mulki kafin ya iso, da ita Daurama da ya tarar da garinta da dokarta, sai suka zama 'yan rakiya. Jikata ta zo da littafin makaranta, na ce ta karanta mini, layi ɗaya aka ba Magajiya.

Sannan duk kuna ta littafi, littafi. Shata fa? Nan Daura yake kwance tun 1999. Jami'ar Zariya ta ba shi dakta. An ba wani mawaƙin Amurka, Bob Dilan, Nobel ta adabi a 2016 saboda waƙa, na ji a rediyo. To in waƙa adabi ce, wa ya fi Shata yawan baiti? Sai dai ban san yadda za a yi a sa kalangu da amshi cikin Turanci ba. In an cire su, abin da ya rage kamar fura ce ba nono.

Mai Alli: Gwaggo, wannan ita ce matsalar da ba mai magani. Abin da ya fi kyau a harshe shi ke fara mutuwa a fassara. Shi ya sa littafin da ke tafiya da sauƙi shi ne wanda tun farko aka rubuta da baƙo a rai, ana bayyana masa mene ne kunu, mene ne kishiya.

Amma ku duba wani abu. Mu ƙofarmu a buɗe take tun tuni. Ahmadu Ingawa ya ɗauko jarumin tatsuniyar Rasha ya mai da shi Iliya Ɗan Maiƙarfi. Bala Abdullahi Funtuwa ya kawo Gandun Dabbobi, fassarar Animal Farm na George Orwell, a 1975. Ibrahim Yaro Yahaya ya yi Daren Sha Biyu daga Shakespeare. Biyu daga cikinsu ma 'yan jihar nan ne. Shigowa ake ta yi. Fita kuwa, in ka cire Shaihu Umar da Hiskett ya fassara a 1967 da 'yan kaɗan, sai ka yi ta lalube.

Baban Yarinci: 'Yata ta Rafindadi, ki koma wurin malamin nan, ban ce ki yi mashi rashin kunya ba. Ki ce kin yarda kwashe-kwashe ne, kuma shi za ki nazarta. Ki ɗauki labari uku, ki nemo asalinsu, ki jera su gefe da gefe. Ki nuna mi Imam ya zubar, mi ya ƙara, ina ya cire giya ya sa fura, ina ya cire coci ya sa alƙali, kuma mi East ya so yaran Arewa su koya game da biyayya ga sarki, tunda shi ma ba don Allah kaɗai ya biya kuɗin bugu ba. Nan ikon yake, nan al'adar take.

Injiniya na Ƙofar Ƙaura: To Baba, da wane harshe za ta rubuta nazarin? In ta yi da Hausa, mu bakwai ɗin nan ne za mu karanta. In ta yi da Turanci, ta bi ƙofar da Ɗan Gambarawa ke zagi tun azahar.

'Yar Rafindadi: Yaya Injiniya, dokar sashenmu Turanci ce, ba ni da zaɓi. Amma zan kawo muku shi nan da Hausa babi babi, Gwaggo da Malam na Masanawa su yi mini gyara. Baba, tsohon bugun nan mai zaren lilo yana nan? Na kasuwa yanzu duk hoton ya dushe, wasu shafukan ma a juye suke.

Baban Yarinci: Shina nan cikin adaka, littafi na ɗaya da na uku. Na biyu wani ya ara tun zamanin Shagari bai maido ba. Ki zo bayan la'asar ranar Asabar, ki zo da wayarki ki ɗauki hoto, don ba ya fita gidan nan.